MASALLACIN LIBAFUL: AN YI JIFA DA DUTSE, AN RAMA DA ABINCI

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Balogun ko Ereko a tsibirin Ikko, ko don sarin atamfa ko don wani nema, da wuya a ce bai taɓa giftawa ta gaban Masallacin Shitta-Bey da ke Titin Martins ba. Wasu ma sun sha tsayawa su yi Azahar a ciki, sa'an nan su koma bakin ciniki. Amma kaɗan ne suka san cewa ran da aka buɗe masallacin nan, watau ran 4 ga watan Yuli, 1894, cikin manyan baƙi akwai wani Bature Musulmi wanda ya taso tun daga birnin Libaful na ƙasar Ingila a jirgin ruwa, yana ɗauke da saƙon Sarkin Santambul, Sultan Abdul Hamid na Biyu.

Sunan Baturen nan Abdullahi Quilliam. Shi ne ya miƙa wa attajirin da ya gina masallacin, Muhammadu Shitta, lambar girma da sarautar Bey, wadda ta bi sunansa har yau. Gwamnan Ikko na lokacin, Sir Gilbert Carter, ya halarci bikin, haka Oba Oyekan, haka kuma wasu manyan Kiristocin gari. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a daidai shekarun da Kirista da Musulmi suka zauna inuwa guda a Ikko ana buɗe ɗakin Allah, shi baƙon nan can garinsu ya sha jifa a nasa masallacin.

LAUYA YA MUSULUNTA

An haifi William Henry Quilliam a Libaful cikin 1856, a gidan masu hali, mabiya ɗarikar Methodist. Tun yana yaro ya shiga ƙungiyar masu yaƙi da shan giya, ya girma ya zama lauya sananne, irin wanda talakawa da ma'aikatan tashar jiragen ruwa ke gudu wurinsa in magana ta kai kotu. Bayan wata tafiya da ya yi zuwa ƙasar Maroko, sai ya bayyana Musuluntarsa cikin 1887, ya ɗauki sunan Abdullahi.

Da ya fara wa'azi bai sami masu saurare ba. Sai ya yi dabara, ya koma wa tsofaffin abokansa na yaƙi da giya, yana yi musu lacca a kan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a matsayin wanda ya raba al'umma guda da giya. Ta wannan ƙofa mutanen farko suka shigo. Cikinsu akwai wata budurwa da ta zama Fatima Cates, wadda daga baya ta riƙe ma'ajin jama'ar.

Wurin da suka fara taruwa haya ne a unguwar Mount Vernon, kuma ba a jima ba mai gidan ya kore su da ya gane abin da suke yi. Saboda haka suka koma gida mai lamba 8 a Brougham Terrace, suka buɗe shi a ranar Kirsimeti ta 1889. A wannan shekarar ce kuma aka gina Masallacin Shah Jahan a garin Woking, kudu da Landan, da kuɗin sarauniyar Bhopal ta ƙasar Indiya. Bambancin shi ne, na Libaful jam'insa 'yan gari ne, Turawa haifaffun wurin, masu aikin ofis da masu sana'ar hannu. Ba za a ce musu su koma inda suka fito ba, don ba su fito daga ko'ina ba. Watakila wannan ne ma ya ƙara wa maƙwabtansu haushi.

Jifan ya fara ne daga kiran salla. Da ladan ya fito barandar bene ya ɗaga murya, sai 'yan iska su taru a titi suna ihu, suna jifa da duwatsu da taɓo da ruɓaɓɓen ƙwai, in lokacin sanyi ne kuma su dunƙula ƙanƙara da dutse a ciki. An fasa tagogi ba sau ɗaya ba. An taɓa watsa fasassun kwalabe a kan shimfiɗar salla don masu sujada su yanke. Ita kuwa Fatima Cates, an tare ta a hanya an shafa mata kashin doki a fuska, ga kuma danginta da suka juya mata baya.

Quilliam lauya ne, ya san hanyar kotu sarai, amma babbar amsar da ya bayar ba a kotu ya ba da ita ba. Kowace ranar Kirsimeti sai a buɗe ƙofar masallaci a ciyar da ɗaruruwan 'ya'yan talakawan unguwa, Kiristoci, ba a tambayar kowa addininsa. Ya buɗe makarantar yara da ajin dare na manya, ya kafa gidan marayu mai suna Madina inda ake karɓar jariran da iyayensu mata suka rasa yadda za su yi da su. Ya kuma kafa injin buga littattafai a ƙasan gidan, inda daga 1893 aka riƙa buga jaridar mako-mako mai suna The Crescent, wadda ake aikawa da ita ƙasashen Musulmi da dama, har da Afirka ta Yamma. Ranar Lahadi ma yakan shirya taro irin wanda Turawa suka saba da shi, da waƙoƙin yabon Allah cikin Turanci, don kada baƙo ya shigo ya ji kamar ya faɗo wata duniya. Ba kowane malami ne zai yarda da wannan ba, a da ko a yanzu. An ƙiyasta cewa mutum wajen 600 suka musulunta ta hannunsa.

A shekarar da ya zo Ikko, Sarkin Santambul ya naɗa shi Shaihul Islam na Tsibiran Birtaniya. Girman nan ya zo da nasa nauyin. Cikin 1896, sa'ad da sojan Ingila suka doshi Sudan, Quilliam ya ba da fatawa cewa bai halatta Musulmi ya taimaka a yaƙi ɗan'uwansa Musulmi ba. Nan take aka fara yi masa tambayar da har gobe ake yi wa Musulmin Turai: kai namu ne, ko nasu?

Ƙarshen zamansa bai yi daɗi ba, kuma babu amfanin ɓoyewa. Cikin 1908 ya bar Ingila ba zato, aka kuma soke sunansa daga cikin lauyoyi saboda wata shari'ar kisan aure da aka same shi da shirya shaidar da ba ta gaskiya ba. Aka sayar da gidan, jama'a ta watse, domin dama komai a wuyan mutum guda yake rataye. Daga baya ya komo da wani suna, Henri de Léon, ya rasu a Landan cikin 1932, aka binne shi a maƙabartar Brookwood kusa da Woking. Masallacin kuwa hukumar gari ta mai da shi ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Shekara da shekaru ana ɗaura auren Turawa a wurin, yawancinsu ba su san an taɓa kiran salla a gidan ba.

BAƘIN DA SUKA ZAMA 'YAN GARI

Musulmin da suka cika Ingila daga baya ba ta hannun Quilliam suka zo ba, neman abinci ne ya kawo su. Na farko ma'aikatan jirgin ruwa ne daga Yaman da Somaliya, waɗanda suka zauna a garuruwan bakin teku irin su Cardiff da South Shields da ita Libaful. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma masaƙu da ma'aikatun Ingila suka rasa hannu, sai mutanen Pakistan da Indiya da Bangaladash suka yi ta zuwa Bradford da Birmingham da Manchester, suna aikin dare wanda 'yan ƙasa ba sa so. Niyyar yawancinsu su tara ɗan abin da za su tara su koma gida. Mai karatu da ya zo Agege ko Sabo ta Badun da niyyar cin rani, yau ga shi da jikoki a makaranta, ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda irin wannan niyya take ƙarewa.

Ƙidayar 2021 ta nuna akwai Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, watau kashi 6.5 cikin 100 na jama'a. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To, waɗannan raɓar ta ƙi bushewa, ta yi saiwa.

Sai dai haƙuri da mutum daban, ganin mutuncinsa daban. Tun 1933 dokar Ingila ta yarda Musulmi da Yahudawa su yi yanka bisa ƙa'idar addininsu, kuma cikin 1944 Sarki George na Shida ya buɗe cibiyar Musulunci a gefen Regent's Park, inda aka kammala Babban Masallacin Landan a 1977. Duk da haka, sa'ad da hukumar Bradford ta fara ba 'yan makaranta Musulmi naman halal cikin 1983, sai da aka yi ta cece-ku-ce, har dubban iyaye suka fito zanga-zanga a 1984 kafin majalisar gari ta tabbatar da abin. Shekara guda bayan haka Mohammed Ajeeb, haifaffen Kashmir, ya zama Magajin Garin Bradford.

Wani abin da ya daɗe yana ci wa Musulmi tuwo a ƙwarya shi ne dokar hana wariya ta 1976. Dokar ta hana a nuna wa mutum bambanci saboda launinsa ko ƙabilarsa, amma ba ta ambaci addini ba. Cikin 1983 babbar kotun ƙasar ta yanke cewa mabiya addinin Sikh ƙabila ce, saboda haka makaranta ba ta da ikon hana yaronsu naɗa rawani. Yahudawa ma doka ta ɗauke su haka. Musulmi kuwa, da yake akwai baƙi da fari, Balarabe da Bature da Bayarabe a cikinsu, ba su shiga wannan inuwa ba. Watau abin da Musulunci ke alfahari da shi, cewa ba na ƙabila guda ba ne, shi ne ya bar mabiyansa a rana. Ba a toshe wannan kafa ba sai 2003, da aka hana wariyar addini a wurin aiki, sa'an nan dokar daidaito ta 2010 ta haɗa komai wuri guda. Haka makarantun Islamiyya: gwamnati ta daɗe tana ɗaukar nauyin na Kirista da na Yahudawa, amma sai 1998 ta karɓi na Musulmi guda biyu na farko, ɗaya a Landan ɗaya a Birmingham.

In aka gwada da maƙwabta, Ingila ta fi sakin hannu. Faransa ta hana ɗaliba sa hijabi a makarantun gwamnati tun 2004, mutanen Suwizalan kuma sun jefa ƙuri'a a 2009 sun hana gina hasumiyar masallaci. A Landan kuwa 'yar sanda na iya aiki da hijabinta, kuma mutanen birnin sun zaɓi Sadiq Khan, ɗan direban bas, ya zama Magajin Gari a 2016, suka sake zaɓensa a 2021 da 2024.

Amma ba a ce hanyar ta miƙe sumul ba. Ran 7 ga watan Yuli, 2005, wasu samari Musulmi suka ta da bama-bamai a jiragen ƙasa da bas a Landan suka kashe mutum 52. Cikin Mayu 2017 wani ya kashe mutum 22 a wurin wasa a Manchester, da yawansu yara. Malamai da shugabannin masallatai sun yi tir da wannan ta'asa, amma duk sa'ad da irinta ta faru, mace mai hijabi a tashar mota da tsoho mai gemu a hanyar masallaci su ne ke biyan bashin da ba su ci ba. Alƙaluman gwamnati na shekarar da ta ƙare a Maris 2024 sun nuna cewa cikin laifuffukan ƙiyayyar addini da 'yan sanda suka rubuta, kashi 38 cikin 100 a kan Musulmi aka yi su.

A Libaful ɗin kanta an ga wani abu da ya sa masana yin bincike. Ƙungiyar ƙwallon garin ta ɗauko Sadio Mane ɗan Senigal a 2016, ta ɗauko Mohamed Salah ɗan Masar a 2017. In sun ci ƙwallo sai su yi sujada a tsakiyar fili, dubban Turawa na tafi. Wani bincike da aka buga a 2021 ya gano cewa bayan zuwan Salah laifuffukan ƙiyayya a yankin Merseyside sun ragu da kashi 16 cikin 100 in aka gwada da abin da ake tsammani. Abin farin ciki ne. Sai dai soyayyar da ake yi wa mai zura ƙwallo a raga tana da sharaɗi, kuma direban tasi da mai shagon kusurwa ba su da ƙwallon da za su ci.

ƘARYAR DA TA TA DA GARI

Gwajin gaske ya zo ne cikin 2024. Ran 29 ga watan Yuli, a garin Southport da ke arewa da Libaful, wani saurayi ya shiga wurin da ƙananan 'yan mata ke koyon rawa da wuƙa, ya kashe uku, masu shekara 6 da 7 da 9, ya raunata wasu da dama. Da yake shekarunsa 17, doka ta hana 'yan sanda faɗin sunansa. Cikin wannan shirun ne ƙarya ta sami fili. Kafin gari ya waye an baza a intanet cewa Musulmi ne, ɗan gudun hijira da ya shigo ƙasar a kwale-kwale, har da sunan Larabci aka ƙirƙira masa. Alhali kuwa a Cardiff aka haife shi, iyayensa mutanen Ruwanda ne, gidan Kirista. Sai da alƙali ya ɗage dokar ya yarda a bayyana sunansa ran 1 ga watan Agusta, amma aikin gama ya riga ya gama.

Daren 30 ga wata, ana cikin makoki, gungun mutane suka auka wa masallacin Southport, wanda ba shi da haɗi da abin ko kaɗan. Suka rushe katanga suna jifa da bulo, suka ƙone motar 'yan sanda, aka ji wa 'yan sanda fiye da 50 rauni, ga shugaban masallacin da wasu 'yan tsiraru a kulle a ciki. Wanda ya ga Shagamu a 1999 ko kasuwar Shasha a 2021 ya san yadda magana ke tashi daga mutum guda ta faɗa kan jama'a guda, ya kuma san abin da ake ji in ana cikin ɗaki ana jin ihu a waje.

Kashegari da sassafe mutanen Southport suka fito da tsintsiya da shebur suka share titi. Magina suka zo da bulo da siminti suka ta da katangar masallacin, ba su karɓi ko kwabo ba. Waɗannan ma Turawa ne, kuma sun fi sanin zafin mutuwar yaran fiye da masu jifan, waɗanda da yawansu daga wasu garuruwa suka zo.

Tarzomar ta bazu zuwa garuruwa da dama, har aka yi ƙoƙarin cinna wa wani otel wuta a Rotherham da 'yan gudun hijira a ciki. Gwamnatin Keir Starmer, wadda ba ta cika wata guda a kan mulki ba, ta sa kotuna suka yi aiki da gaggawa. An kama mutum fiye da 1,000, an ɗaure ɗaruruwa, har da wasu da ba su fita titi ba, sai dai sun zuga mutane daga wayarsu. Nan ne mai lura zai ga abin da ke kashe irin wannan wuta: wanda ya yi jifa ran Talata ya ga kansa gaban alƙali kafin mako biyu su cika.

Shi kuwa tsohon gidan Quilliam, Musulmin Libaful sun kafa ƙungiya da sunansa tun ƙarshen shekarun 1990, suka yi ta tara kuɗi suna gyara, har aka sake buɗe shi a matsayin masallaci cikin Yuni 2014, bayan shekara fiye da 100 ba a yi salla a ciki ba. Ran Juma'a 2 ga watan Agusta, 2024, da yamma, masu zanga-zanga suka taru a tsallaken titi daura da shi, a inda kakanninsu suka taɓa tsayawa suna jifan ladan. Wannan karon sai suka tarar ɗaruruwan mutanen gari, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, tsofaffi da matasa, sun riga su zuwa sun tsaya a ƙofar masallacin, 'yan sanda na tsakani.

An ɗauki sa'o'i ana kallon-kallo ana musayar ihu. Da hankula suka ɗan kwanta, wani limami na masallacin, Adam Kelwick, ya ɗauki abincin da aka dafa a ciki, shi da wasu 'yan'uwa, suka tsallaka titi zuwa wurin waɗanda suka zo zaginsu. Wasu suka kau da kai. Wasu suka karɓa suka ci, aka fara magana, har aka ɗauki hoton limamin rungume da ɗaya daga cikinsu. Ya gayyace su su shigo masallaci wata rana su faɗi abin da ke damunsu, a saurare su. A daren nan ba a jefa ko da tsakuwa a Brougham Terrace ba.

Kashegari, Asabar, wani gungun ya cinna wa ɗakin karatu na Spellow wuta a unguwar Walton ta Libaful, wurin da 'ya'yan talakawan unguwar, yawancinsu Turawa, ke zuwa karatu. Jama'a suka tara fam 250,000 na gudummawa, aka gyara shi aka sake buɗewa cikin Disamba 2024. Wata guda bayan haka kotun Libaful ta yanke wa wanda ya kashe yaran nan uku ɗaurin da ba zai gaza shekara 52 ba.